Hasashe dabam, faɗakarwa dabam, gargaɗi dabam: jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikata na jahar Maraɗi

 

A ranar 30 ga Agusta 2024 an yi ruwa a birnin Maraɗi wanda hukumomin jaha suka ce ya kai milimita 150 cikin kamar awa ɗaya da rabi, mutum 15 suka riga mu gidan gaskiya. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Ke nan sito mai mita goma tsawo da goma faɗi ya ɗauki lita 15,000 a kan rufinsa, watau tano 75 na lita 200. A damanar nan mutanen da suka rasu a Nijar sun haura 300, tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, aka ɗage komawa lakwal daga 2 zuwa 28 ga Oktoba.

Abin tambaya: ba a faɗa ba ne? An faɗa. Tun watan Afrilu na shekarar, masana yanayi na ƙasashen Sahel da suka taru a Abuja suka bayyana cewa damana za ta fi yadda aka saba ruwa. Matsalar ita ce maganar masana hawa uku gare ta, mu kuwa a rediyo da bakin kasuwa mun haɗe su cikin kalma guda, muna cewa "meteyo ta ce za a yi ruwa".

Hawa na farko shi ne hasashen damana, wanda cibiyar AGRHYMET da ta ACMAD, duka biyu a Yamai, suke fitarwa tare da ma'aikatun meteyo na ƙasashe kafin shuka. Wannan ba ya faɗin rana, ba ya faɗin gari. Amfaninsa a yashe magudanai, a yi yaɓe, a gyara indararo, a ɗora buhunan wake da aya bisa katako. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu shi ne faɗakarwa: alamomi sun haɗu, cikin kwana ɗaya ko biyu abin yana iya aukuwa a wani yanki mai faɗi, yana kuma iya ƙin aukuwa. Na uku shi ne gargaɗi: abin ya taso ko yana bisa hanya, ga wurin, ga lokacin. Amurkawa sun ba kowane hawa sunansa, har da na ƙaramin sha'ani mai takura amma ba mai kisa ba, irin hazo mai rage gani a hanya. Faransawa kuwa, bayan guguwar Disamba 1999 da ta yi musu ɓarna, sun fito da taswira mai launi huɗu a 2001: tsanwa, ruwan ɗorawa, ruwan goro, ja. Irin waɗannan launuka ake auna kogin Isa da su a Yamai, inda ja yake farawa daga santimita 620. A Satumba 2020 ruwan ya kai wajen mita 7, unguwanni suka nutse.

To, mu a nan ba mu da kogin Isa, kuma hatsarinmu ba iri ɗaya ba ne daga gabas zuwa yamma. Ku dubi Gidan Rumji. Gulbin Maraɗi yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta madatsar Jibiya, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tibiri kafin ya iso can. Ana iya wayi gari sama fes, babu ko gajimare, gulbi ya cika ya shafe gonakin fadama, saboda ruwan da aka yi jiya a wata ƙasa. Gargaɗin da mutumin Gidan Rumji yake bukata ba daga sama zai fito ba, daga ma'aunin ruwa na bakin iyaka zai fito, kuma sai hukumomin ƙasashen biyu suna ɗaga wa juna waya.

A Agye da Gazawa kuwa, ko da yake Gulbin Kaba ya ratsa yankin, babban abin tsoro ruwan sama ne da iska a kan ginin ƙasa. Lissafin hukumar kare fararen hula kan raba mamatan damana gida biyu, waɗanda ruwa ya ci da waɗanda gini ya rufta wa, kuma sau da yawa na biyun sun fi yawa. A nan ne faɗakarwa take da daraja fiye da yadda ake zato. Katangar da ta sha ruwa kwana uku a jere ba ta jiran milimita 150, ruwa matsakaici cikin dare ya ishe ta. Idan aka yi faɗakarwa da la'asar, maigida ya dubi gindin bango da azara, in ya ga tsagewa ko laushi ya kwashe iyali zuwa ɗaki mai ƙwari tun da sauran haske. Wanda ya jira gargaɗi, ƙarfe biyun dare zai same shi yana barci.

Akwai wata dama da Allah ya ba mu wadda ba mu mora. Manyan hadura na damana daga gabas suke tasowa su yi yamma, kusan bisa layin babbar hanyar kwalta: Tasawa, Gazawa, Agye, Cadawa, Maraɗi, Gidan Rumji. Hadarin da ya sauka Gazawa yakan ɗauki awa biyu zuwa uku kafin ya kai Gidan Rumji. Ƴan kasuwar da suke buga wa juna waya kullum don jin kuɗin tiyar gero, me zai hana su faɗa wa juna cewa iska ta kwashe kwano a nan, ku rufe kaya?

Nakan ji ana cewa, ai sun ce za a yi ruwa bai zo ba, maƙaryata ne. Faɗakarwa ba alkawari ba ce, gaibu kuma na Allah ne. Idan masani ya ce kashi 70 cikin 100, ya riga ya gaya maka cewa sau uku cikin goma ba za a yi ba. Ɗan kasuwar da yake sayen wake da kaka don tsammanin tsada da bazara, da irin wannan lissafi yake aiki, bai kuma taɓa kiransa ƙarya ba.

Yanzu gare ku, ma'aikata. Nijar tana da tsarin faɗakarwa da wuri tun 1989, akwai kwamitocin ƙauyuka da na ƙananan hukumomi masu bin diddigin halin da talakawa ke ciki, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ɗau niyya a 2022 cewa kafin ƙarshen 2027 kowa a duniya zai riƙa samun gargaɗi. Tsari bai yi ƙaranci ba. Amma takardar da aka rubuta da Faransanci a Yamai, idan ta kwana a teburin shugaban gunduma tana jiran sa hannu, ta zama tarihi. Ra'ayina shi ne a tsayar da kalma uku na Hausa, hasashe, faɗakarwa, gargaɗi, kada gidan rediyo ya musanya ɗaya da ɗaya. Kowane hawa a rubuta aikinsa da mai aikinsa: wa zai kira hakimi da masu unguwanni, wa zai gaya wa liman da sarkin kasuwa da sarkin tasha, wa yake riƙe da makullin ajin lakwal da za a sauke mutane. A manna takardar a ƙofar ma'aikatar magajin gari kafin ruwan farko, da lambar wayar kowa, domin wanda gidansa ya faɗi ya san ƙofar da zai je ya tambaya.