Haƙƙin Ɗan Dambe a Birnin Tarayya: Abin da Filayen Wasan Rumawa Ke Nunawa



Wannan takarda, wadda aka shirya domin wani taro a Kuje, tana magana ne a kan damben gargajiya kamar yadda ake yin sa yau a Birnin Tarayya da kewayensa, inda ya tashi daga wasan kaka da mahauta ke yawo da shi gari-gari bayan an kawar da amfanin gona, ya koma sana'ar kullum mai gida da ƙofa da kuɗin shiga. Hujjarta ɗaya ce: duk wasan da jama'a ke biya domin kallon mutum yana sa jikinsa cikin haɗari, tilas a san wanda nauyin raunin mutumin ya rataya a wuyansa, kuma Rumawa, waɗanda akasarin 'yan wasansu bayi ne da fursunonin yaƙi, sun ba wannan tambaya amsa a rubuce, alhali hukumomin wasanninmu har yau suna kewaye ta.

Sai an faɗi bambancin tun farko, domin kada a ɗauka ana kwatanta dambe da kisan kai. Ɗan dambe ɗa ne, da ƙafarsa yake shiga fili, kuma abin da ake kira kisa a dambe shi ne a kai abokin karawa ƙasa, ko hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, cikin turmi uku. Mayaƙin fili na Rum kuwa, wanda sunansa na Latin ya samo asali daga kalmar takobi, da makamin ƙarfe yake fita, kuma ran wanda aka kayar yana hannun mai shirya wasa. Inda suka haɗu shi ne tsarin kasuwancin: akwai mai gida, akwai mai kawo 'yan wasa, akwai attajiri ko ɗan siyasa mai neman suna, sannan akwai saurayin da jikinsa ne jarin kowa.

Wasan Rumawa ma daga al'ada ya faro. Na farkon da aka rubuta a birnin Rum an yi shi ne a shekarar 264 kafin Miladiyya, a kasuwar shanu, inda 'ya'yan wani babban mutum suka fitar da mayaƙa shida domin girmama jana'izar mahaifinsu. Da siyasa ta shigo, sai adadin ya haura: Yuliyus Kaisar ya fitar da mayaƙa 640 a shekarar 65 kafin Miladiyya, lokacin da yake neman farin jini wurin talakawa, Sarki Titus ya buɗe filin Kolosiyam mai ɗaukar 'yan kallo kimanin 50,000 a shekarar 80 bayan Miladiyya da wasannin kwana 100, aka hallaka dabbobi 9,000, Sarki Tarajan kuma ya yi bikin kwana 123 da mayaƙa 10,000 bayan nasararsa a yaƙin Dashiya. Afirka ma ba a bar ta a baya ba, domin filin El Jem na Tunisiya, wanda aka gina a ƙarni na uku, yana ɗaukar mutum kusan 35,000, kuma yana nan tsaye har gobe.

Abin da ya fi dacewa da bahasin nan shi ne yadda kuɗi ya tilasta wa Rumawa kula da jikin ɗan wasa. Mai horar da mayaƙa, wanda suke kira lanista, haya yake ba mai shirya wasa mutanensa, kuma masanin shari'a Gayus, a ƙarni na biyu, ya kawo misalin yarjejeniyar da ake biyan dinari 20 a kan wanda ya fito lafiya, dinari 1,000 kuma a kan wanda ya mutu ko ya nakasa. Ninki 50 ke nan. Gaskiya ne cewa diyyar aljihun ubangida take shiga, bawan da iyalinsa ba su ga ko anini, amma ta sa mai shirya wasa ya san rauni yana da farashi kuma shi zai biya. Saboda haka aka sami alƙali a cikin fili riƙe da sanda yana raba faɗa, aka kuma sami likita. Jalinusu, wanda malaman ɗibbu na ƙasar Hausa suka san sunansa daga littattafan Larabci, ya kama aikin likitan mayaƙan fili a garinsu Fargamum a shekarar 157, yana ɗan shekara 28, kuma a kan raunukansu ya ƙware wajen ɗinki da sanin jijiyoyi. Maƙabartar mayaƙa da aka gano a Afisa ta ƙasar Turkiyya a 1993, mai ɗauke da ƙasusuwan mutum fiye da 60, ta tabbatar da haka, domin an sami mutum 11 da ƙoƙon kansu ya taɓa jin mummunan rauni ya kuma warke sumul, abin da ba ya yiwuwa sai da jinya mai kyau. Masanin tarihi Bafaranshe Georges Ville ya ƙiyasta cewa a ƙarni na farko kimanin mutum ɗaya cikin goma da suka shiga fili ne ke mutuwa. Adadin ya isa abin ƙyama, sai dai yana nuna cewa mafi yawa gida suke komawa a yi musu magani.

Haka batun ginin. A shekarar 27, wani ɗan kasuwa mai suna Atiliyus ya kafa filin katako a Fidena, kusa da Rum, ba tare da ingantaccen tushe ba, ya rufta da jama'a, kuma marubucin tarihi Tasitus ya ce mutum 50,000 ne suka mutu ko suka jikkata. Majalisar dattawa ta kafa doka cewa ba mai shirya wasa sai wanda dukiyarsa ta kai sastas 400,000, wato kuɗinsu na lokacin, kuma ba a kafa fili sai an duba ƙarfin ƙasar wurin. A shekarar 59, da rikici ya ɓarke tsakanin 'yan kallon Pompei da na Nukeriya, sai aka hana Pompei irin wannan wasa na shekara 10. Wanda ya san yadda zuciya ke tashi tsakanin magoya bayan ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramaɗa idan an yi kisa mai gardama, ba ya buƙatar ƙarin bayani.

A dawo gida. Dambe ya biyo mahauta da 'yan kasuwa zuwa Abuja, musamman bayan da gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, ya kafu a Dei-Dei kusa da kasuwar dabbobi, da kuma Mararraba a jihar Nasarawa, bakin iyakar birnin. Yanzu ana damben babur da na mota, ana ɗaukar wasa da waya a watsa a YouTube da Facebook, kamfanoni irin su Dambe Warriors da African Warriors Fighting Championship sun kai shi idon duniya. Kuɗi ya shigo, amma ɗan damben da ya ɗaura zare a hannunsa, ya mai da shi mashi, ya sa ɗayan garkuwa, har yanzu rabonsa ya dogara da sallamar mai gida da ƙarin da masoya ke yi masa idan kalangu ya yi daɗi. Idan muƙamuƙi ya goce ko ido ya lalace, ubangidansa da 'yan ɓangarensu ne ke haɗa abin da ya sawwaƙa a kai shi wurin mai ɗori. Bugun kai da ake maimaitawa yana lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, likitoci sun bayyana wannan a kan 'yan damben Turawa tun 1928, kuma laya ko tsagar hannu ba sa hana shi. Waƙar da Ɗan'anace ya yi wa Shago ta ɗaukaka jarumtaka, kuma ta cancanci matsayinta a adabin Hausa, sai dai yabon makaɗi bai taɓa biya wa kowa kuɗin asibiti ba.

Abin takaici, dokokin suna nan. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 wadda ta hana asibiti korar mai buƙatar taimakon gaggawa, da Dokar Inshorar Lafiya ta 2022 wadda ta wajabta inshora a kan kowa, duk za su iya rufe ɗan dambe da jami'ai sun ɗauke shi a matsayin mai sana'a. Amma ba a tuna shi sai Bikin Wasanni na Ƙasa ya matso, a nemi wanda zai ciyo wa jiha lambar zinariya, a ɗauki hoto, a watse. An gina filin wasa mai ɗaukar mutum 60,000 a Abuja domin Wasannin Afirka na 2003, an rushe Ma'aikatar Wasanni a 2024 an maido da Hukumar Wasanni ta Ƙasa, sunaye suna ta sauyawa, ɗan wasan gargajiya yana nan inda yake. Maƙwabciyarmu Nijar tun 1975, a Tahoua, ta fara gasar takobin kokawa ta ƙasa, ta kuma gina filayen kokawa a manyan biranen jihohinta. Wannan kaɗai ya isa ya kunyata masu cewa wasan gargajiya ba ya tsaruwa.

Ba sai an jira tarayya ba. Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mayanka da filayen jama'a, wato daidai wuraren da dambe ke tsirowa, kuma Kuje, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya, tana cika da baƙi kowace shekara, don haka ya fi mata sauƙi ta kafa ƙa'ida tun kasuwar ba ta fi ƙarfinta ba. Dokar da majalisar kansiloli za ta iya zartarwa a zama ɗaya ta wadatar: kada a ba kowa izinin karɓar kuɗin ƙofa sai da ma'aikacin lafiya da motar ɗaukar majinyaci a wurin; a duba rumfa da bencin 'yan kallo kafin a buɗe; a rubuta sunan duk wanda ya suma a fili, a hana shi ɗaura zare har sai likita ya sallame shi; a kuma cire wani kaso daga kuɗin shiga a ajiye a asusun jinya, ƙarƙashin sarkin dambe da wakilin kowane ɓangare, a riƙa karanta lissafinsa a gaban 'yan wasa duk ƙarshen wata.