Taro Yakan Watse, Cuta Ta Bi Mutane Gida

Jawabin da aka gabatar a zaman reshen ƙungiyarmu a Mungadi

Shugaban reshe, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata, da iyayen yara da suka amsa gayyatarmu, barkanmu da wannan zama.

Maganarmu ta yau a kan manyan tarukan addini ce da yadda annoba ke samun hanya a cikinsu. Dalilinmu shi ne, abin da aka kwaso a filin Idi, ko wurin tafsiri, ko Maulidi, ko taron majami'a, a cikin azuzuwanmu muke fara ganin sa.

Cututtukan da ke bin numfashi, irin su korona da sanƙarau, suna yaɗuwa ta tari da atishawa da kusantar juna. Haɗarin sanƙarau kuwa shi ne mutum yakan ɗauki ƙwayar cutar a maƙogwaronsa ba tare da ya ji ko ciwon kai ba, ya kuma raba wa wasu. Wanda ya kamu yakan yi kwana biyu zuwa goma kafin alamu su bayyana. Saboda haka taro yakan watse kowa lafiya lau, sai an koma garuruwa sannan a fara kwanciya.

Tarihi ya nuna mana haka. A shekarar 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, har Saudiyya ta hana alhazanmu zuwa aikin Hajji a wannan shekarar. A Hajjin 2000 wani nau'in sanƙarau da ake kira W135 ya ɓulla, alhazai suka koma da shi ƙasashensu, ya kama iyalan da ba su taka Makka ba. Wannan ya sa har yau ba a barin maniyyaci ya tafi sai da shaidar allurar sanƙarau. A farkon 2020 wani taron wa'azi na mutum kusan 16,000 a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya ya haifar da dubban masu korona, haka ma wata majami'a a birnin Daegu na Koriya ta Kudu.

Shugabannin addini sun fahimci wannan. Hajjin da ya tara mutum kusan miliyan biyu da rabi a 2019, a 2020 an taƙaita shi ga 'yan tsirarun mazauna Saudiyya. A azumin wannan shekarar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ya nemi a dakatar da tafsiri da tarawihi a masallatai. Suna da abin koyi, domin Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba ta sauka can.

Mu a nan ba sai mun je nesa ba. A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26 a ɓarkewar sanƙarau, mafi yawansu a Gwandu da Jega da Aliero. Maƙwabtanmu ne, motocinmu ɗaya, kasuwanninmu ɗaya. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuma ba mu manta watannin da makarantunmu suka yi a rufe daga Maris na 2020 ba, da wahalar da muka sha kafin yara su dawo kan karatu.

Muna roƙon abu huɗu. Na farko, duk lokacin da masu allurar rigakafi suka zo, mu buɗe musu makarantu, mu kuma fara miƙa namu 'ya'yan. Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV a 2024, wadda ke kare mutum daga nau'i biyar na sanƙarau. Na biyu, a makonni biyun da ke biyo bayan kowane babban taro, musamman a lokacin hunturu da bazara, mu sa ido a rajista. Yaron da ya zo da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai ko sandarewar wuya, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Na uku, mu bar tagogi a buɗe, mu rage cunkoso gwargwadon iko. Na huɗu, mu zauna da limamai da masu shirya taro tun kafin rana ta zo, a tanadi fili mai iska da ruwan wanke hannu, a kuma sanar cewa marar lafiya ya yi ibadarsa a gida.

Da yawa daga cikinmu muna koyarwa a Islamiyya da yamma, wasunmu suna limanci a unguwanninsu. Maganarmu tana da nauyi a gari, sai mu yi amfani da ita.

Allah Ya kare mu da 'ya'yanmu, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.