Kafin Ka Tayar da Babur Daga Haɗejiya

Sharhinmu na yau na sabon mahayi ne, mai shirin doguwar tafiya a kan babur daga Haɗejiya zuwa Kano, Nguru ko Maigatari.

Ɗan'uwa, fara duba lokaci. A watannin Agusta da Satumba Kogin Haɗejiya kan cika ya batse, ruwa ya shanye hanyoyin ƙauyukan Auyo, Guri da Kirikasamma, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. Idan ruwa ya rufe hanya, kada ka kutsa. Ka sauka ka tambayi mutanen wurin, domin kwalbatin da ya karye ba ya nunawa daga sama. Da hunturu kuwa hazo ne matsalar, sai ka kunna fitila ko da rana.

Tun ana jibi ka kai mashin wurin bakanike, ya canza baƙin mai, ya ɗaure sarƙa, ya duba birki da tayoyi. Ka riƙe fulogi, famfo, kayan faci da takardun babur. Hular kwano dole ce.

Ka yi sammako, ka riƙa hutawa inji ya huce, ka yada zango kafin magariba. Allah Ya kiyaye hanya.