Litar Mai a Ƙarshen Hanya

'Yan uwa maza da mata na Birnin Kudu da Gwaram, tambayar da aka ɗora mini ita ce wadda ake yi a kowace tasha da kowace majalisa: me ya sa man fetur ya yi tsada haka, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga? Amsoshi biyu ne suka fi yawo a bakin jama'a. Wasu na cewa mai ne ya yi ƙaranci, wasu na cewa haɗamar 'yan kasuwa ce. Kowace tana da ƙamshin gaskiya, amma ni abin da zan kare a gabanku shi ne wannan: mutumin ƙauye irin Yalwan Damai, saboda yana ƙarshen hanyar da mai ke bi, shi ke biyan kuɗin duk wata gazawa da aka yi tun daga bakin teku, kuma babbar cutar da ake yi masa ita ce hana shi ganin lissafin abin da yake biya.

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya furta, a jawabinsa na karɓar rantsuwa, cewa tallafin mai ya tafi. Kafin ranar ana sayen lita ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati. Cikin kwanaki kaɗan kamfanin NNPC ya fitar da sabon farashi: naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. A Yuli ya kai 617 a Abuja, a Satumba 2024 ya kai 897, a Oktoba ya haura 1,000. Ku lura da abu biyu a cikin waɗannan alkaluma. Na farko, farashin ya ci gaba da hawa fiye da shekara guda bayan an ce tallafi ya ƙare, alhali kuɗin gangar ɗanyen mai a kasuwar duniya bai ninka ba. Na biyu, tun ranar farko farashin ya rabu gida-gida, kuma gwargwadon nisanka da teku gwargwadon abin da za ka biya.

Dalilin abu na farko shi ne dala. A Yuni 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, ta faɗi daga kusan 460 a kan dala ɗaya har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Da a gida muke tace manmu tun asali, da raɗaɗin ya zo da sauƙi, amma ƙasar da ta gina matatu a Fatakwal da Warri da Kaduna, masu ƙarfin tace ganga 445,000 a rana idan an haɗa, ta shafe shekaru tana sayo tataccen mai daga Turai. A 2021 aka amince da kashe dala biliyan ɗaya da rabi wajen gyaran matatar Fatakwal. An kunna ta a Nuwamba 2024, aka sake rufe ta a Mayu 2025. Masu cewa mai ya yi ƙaranci sun faɗi gaskiya ta wani ɓangare, domin satar ɗanyen mai a yankin Neja Dalta ta sa abin da muke haƙowa ya sauko ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a wasu watannin 2022, kuma wani kaso na wanda ake haƙowar an riga an jingine shi don biyan bashi, kamar rancen dala biliyan 3.3 da NNPC ya karɓa ta hannun bankin Afreximbank. Amma wannan ƙaranci ba na ƙarƙashin ƙasa ba ne. Ƙarancin riƙon amana ne, kuma mutane ne suka haddasa shi.

Dalilin abu na biyu shi ne wanda ya fi shafarmu, kuma shi ne wanda masu muhawara a Legas da Abuja ba su cika ambata ba. A 1975 gwamnati ta kafa asusun daidaita farashin mai, wanda aikinsa shi ne biyan kuɗin dakon mai zuwa wurare masu nisa, domin ɗan Gwaram ya sayi lita kamar yadda ɗan Ikeja ke saye. An kuma shimfiɗa bututu daga matatar Kaduna zuwa daffon Kano da na Jos da Gombe da Maiduguri. Bututun ya daɗe da daina aiki yadda ya kamata, asusun kuma dokar man fetur ta 2021 ta narkar da shi cikin sabuwar hukumar NMDPRA, sakin farashi kuma ya kawo ƙarshen biyan kuɗin dakon. Ke nan abu biyu aka janye wa mutumin Arewa a lokaci guda, alhali abu ɗaya aka sanar. Yanzu kowace lita sai ta hau bayan tanka ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000 kafin ta iso Kano, sannan ta biyo ta Wudil zuwa nan. Kuɗin gas ɗin tankar, da taya, da kwanakin da direba ke ɓatawa a lalatacciyar hanya, da abin da ake miƙawa a shingaye, duk suna cikin farashin da ke jikin famfo. Daga gidan mai na bakin titi kuma sai ɗan bumburutu ya ɗauka a jarka a bayan babur ya kai ƙauye, ya ɗora nasa. A wannan farashi na ƙarshe manomin rani ke zuba wa injin ban ruwa, a kansa mai injin niƙa ke yi wa mata kuɗin kwano, a kansa ɗan acaɓa ke kai mara lafiya Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, a kansa kuma ake lissafin kai buhun hatsi kasuwar Sara. Dakon mai a kan titi yana da wani farashin da ba na naira ba: a daren 15 ga Oktoba 2024 tanka ta faɗi a Majiya, a ƙaramar hukumar Taura, mutane suka fito ɗiban man da ke tsiyaya, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. An yi ta zargin mamatan da ganganci, amma man da ke tafiya a bututu ba ya kifewa a tsakiyar gari.

To, ina ribar take? Mai ƙaramin gidan mai da muke hararowa shi ne ya fi kowa ƙarancin rabo, domin kuɗin da a da ke sayo masa tanka huɗu yanzu da ƙyar ya sayo ɗaya, shi ya sa gidajen mai da yawa suka koma kufai. Sama ya kamata a duba. A Agusta 2024 NNPC ya sanar da ribar naira tiriliyan 3.3 ta shekarar 2023. Makonni kaɗan bayan haka, kamfanin nan dai ya amsa cewa bashin masu kawo masa mai ya yi masa katutu, bashin da rahotanni suka ce ya kai kusan dala biliyan 6, kuma a lokacin layuka sun cika gidajen mai. Sannan a Mayu 2025 Bankin Duniya, wanda shi ne kan gaba wajen yabon janye tallafi, ya ce rabin kuɗin da aka samu daga janyewar kawai NNPC ke zubawa a asusun tarayya, ragowar yana biyan tsofaffin basussuka. Riba a kasuwanci halal ce, ba wanda ya ce a yi ciniki don faɗuwa. Ko a Ingila, da yaƙin Yukiren ya sa Shell ta ci ribar kusan dala biliyan 40 a 2022, ba a rufe kamfanin ba; an ɗora masa haraji na musamman, kuma hakan ya yiwu ne don littattafansa a buɗe suke. A wurinmu, kamfani ɗaya na iya zama mai riba da safe, mai bashi da yamma, ba tare da an nuna wa masu dukiyar yadda biyun suka haɗu ba.

Wani zai ce tunda haka ne a dawo da tallafi kowa ya huta. Na fahimci mai wannan magana, domin arhar mai ce kusan kaɗai abin da talaka ya taɓa gani a hannunsa daga arzikin ƙasa. Amma tallafin ya cinye fiye da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, kuma wanda ya fi shan mai shi ya fi cin moriyarsa, wato mai motoci uku a birni, ba mai babur ɗaya a Yalwan Damai ba. Kwamitin majalisar wakilai na Faruk Lawan ya bayyana a 2012 cewa an biya kamfanoni kuɗin man da ba su shigo da shi ba, asarar da ta kai kusan dala biliyan 6.8 cikin shekaru uku; shi kansa shugaban kwamitin daga baya kotu ta ɗaure shi kan cin hanci a wannan bincike, abin da ke nuna zurfin ramin. Mu da muke jiha ɗaya da Maigatari ta bakin iyaka kuma mun san inda wani kaso na man ke bi da dare. Ciwon tsohon tsarin shi ne duhun lissafi, kuma komawa gare shi ba zai kunna fitila ba.

Wani kuma zai ce a yi haƙuri, kasuwa za ta gyara kanta, ga matatar Ɗangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana ta fara fitar da fetur tun Satumba 2024, farashi kuma ya ɗan sauko a 2025. Wannan gaskiya ne, kuma aiki ne da ya cancanci yabo. Sai dai kasuwa tana rage farashi ne idan akwai masu sayarwa da yawa. Rikicin da ya ɓarke a 2024 tsakanin matatar da hukumar NMDPRA, inda matatar ke kukan ana hana ta ɗanyen mai, hukumar kuma ke gargaɗi kan barin hannu ɗaya ya riƙe kasuwa, bai kamata mu kalle shi da idon ɗan gida da bare ba. Dukkansu suna da hujja. Kamfani yakan sauke farashi muddin yana da abokin gasa, ko na wane ne shi, kuma matatar tana Lekki ne, don haka nisan nan da na ambata yana nan daram.

Saboda haka abin da ya kamata wakilanmu na Birnin Kudu da Buji da Gwaram su riƙa nema a majalisa a fili yake. Hukumar NMDPRA ta riƙa wallafa, wata-wata, yadda farashin lita ya kasu: nawa ne kuɗin man a bakin matata, nawa ne dako zuwa Kano, nawa ne haraji, nawa ne ribar dillali. A faɗi matsayin bututun Kaduna zuwa Kano da ranar da za a gyara shi, ko kuma a ce an haƙura da shi, a koma ga dakon mai ta jirgin ƙasa. A gida kuma, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun 2023, kuma wannan ƙari daga aljihun mai sayen lita ya fito. Ya halatta ga ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa su je sakatariyar ƙaramar hukuma da ta jiha a Dutse su tambaya a rubuce: nawa ya shigo, kuma injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana nawa aka saya da shi, aka kai waɗanne fadamu.