Kumburin Muƙamuƙin Yara da Likitocin da Suka Gano Asirinsa

Yau za mu yi magana a kan wani irin ciwon daji da ke kama yara, galibi masu shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata. Likitoci suna kiransa ciwon Burkitt.

Denis Burkitt likita ne Bature, mutumin ƙasar Ailan, an haife shi a 1911. A 1957, yana aiki a asibitin Mulago a Kampala, ƙasar Uganda, aka kawo masa yaro muƙamuƙinsa ya kumbura, haƙora suna girgiɗa. Ba da jimawa ba ya ga wani yaron irinsa. Ya duba littattafan asibiti, ya tarar ashe abin yana da yawa, ya buga rahotonsa a 1958. A 1961 shi da abokansa biyu suka shiga mota, suka yi tafiyar mil wajen 10,000, suka zaga asibiti fiye da 50, suna tambaya. Suka ga ciwon ya fi yawa inda a ke zafi da ruwan sama, bisa duwatsu masu sanyi kuwa da wuya a gan shi. Daga baya aka lura inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, nan ciwon ya ke.

Burkitt ya riƙa aika wa wani masani, Anthony Epstein, gutsattsarin kumburin a Landan. A 1964 Epstein da abokan aikinsa suka gano wata ƙwayar cuta a ciki. Kusan kowa yana ɗauke da ita tun yana yaro, ba ta kuwa yi wa yawancin mutane kome. Amma in zazzaɓi ya yi ta kama yaro, ƙarfin jikinsa ya kan gaza tsare ta.

To, yaya kumburin ke girma? Jikin mutum an gina shi da 'yan ƙwayoyi ƙanana, ba a ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya ta kan rabu biyu, amma sai ta sami umurni, kamar 'yan gayya da mai ganga. In ya buga a yi aiki, in ya tsaya a huta. A 1982 masana a Amurka suka gano cewa a ciwon nan mai gangar cikin ƙwaya, wanda su ke kira MYC, ya kan kauce daga mazauninsa ya koma inda ba mai tsai da shi. Sai ya yi ta kiɗa dare da rana, ƙwayoyi su yi ta rabuwa. Shi ya sa kumburin ya kan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu.

Amma saurin nan nasa shi ne lagonsa, domin maganin daji ya fi cin ƙwayar da ke cikin rabuwa. Burkitt ya gwada, haka kuma Likita Victor Ngu a asibitin koyarwa na Ibadan, suka ga kumburi yana sacewa cikin 'yan kwanaki, waɗansu yaran suka warke sarai. A 1972 aka ba su biyun lambar girma ta Lasker a Amurka. Burkitt ya rasu a 1993.

Yanzu ga abin da ya shafe ku, mutanen Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar. In kun ga muƙamuƙin yaro yana kumbura da sauri, haƙora suna kwance, ko ido ya turo waje, ko ciki ya yi ƙulu mai tauri, kada ku ce hangum ne ku zauna. Hangum ya kan sace cikin mako ɗaya ko kwana goma, wannan kuwa kullum ƙaruwa ya ke yi, sau da yawa ba ya ma yi wa yaro zafi. Kada a kai shi wurin wanzami a yi sakiya ko tsaga, kada a cire haƙori. Ku kai shi ɗakin magani ran nan, malamin asibiti ya tura ku babban asibitin Gumel. Daga can, in an ga dalili, za a aika ku asibitin koyarwa na Aminu Kano, a ɗebi ɗan gutsure a duba.

Ciwon nan ba sammu ba ne, ba kuma ya yaɗuwa daga yaro zuwa 'yan'uwansa. Maganinsa allura ne da ƙarin ruwa, a kan yi shi sau da yawa cikin makonni. Yaro zai yi amai, gashinsa ya zube, amma gashi zai sake tsirowa. Babban haɗari shi ne iyaye su ga kumburi ya sace su ɗauke yaro su koma gida. Sauran ƙwayoyin da suka rage sai su sake tashi, sa'an nan magani ya yi wuya. Lalle a ƙare shi kamar yadda likita ya ce.

Ku kuma sa yara su kwana cikin gidan sauro, ku karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da a ke raba wa ƙanana da damina. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.