Ƙaramin Ofishin Akanta da Dokar Harajin da Ba Ta Zama Wuri Ɗaya

Shugaban taro, iyayenmu da malamanmu, 'yan kasuwa, da abokan sana'a da kuka taso daga Kankiya da Kusada da nan Kaikai, ina yi muku barka da zuwa.

Dattawan da ke zaune a nan sun ga zamanin da haraji ba ya buƙatar akanta. Mai unguwa ya san magidantan unguwarsa, dagaci ya tattara ya kai wa hakimi, makiyayi ya biya jangali bisa yawan shanunsa. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin Katsina tana cikinta. Harajin da muke fama da shi yanzu rubutacce ne, sashe bayan sashe, kuma kusan kowace shekara sai an taɓa shi.

A watan Janairun 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Kuɗi ta 2019, harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, aka kuma yafe wa kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba harajin riba. Wasu dokokin kuɗi suka biyo baya a 2020 da 2021 da 2023. Sai ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji huɗu da kwamitin Taiwo Oyedele ya share wa fage. Sabon lissafin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, kuma ta koma NRS.

Bari mu ɗauki albashin mutum ɗaya. A ce malami ne a makarantar kuɗi, yana karɓar naira 100,000 a wata, wato miliyan 1.2 a shekara, mu ajiye batun fansho a gefe. A tsohon lissafi ana fara cire masa rangwamen 200,000 da kashi 20 na albashinsa, saura 760,000, harajinsa ya kama 78,000 a shekara. Sabuwar doka ta soke wancan rangwame, amma 800,000 na farko ba haraji a kansu, ragowar 400,000 a kashi 15, ya kama 60,000. In yana zaman haya ta 200,000, ana rage masa kashi 20 na hayar, harajin ya sauko 54,000. Mafi yawan mutanenmu a gidan gado suke, don haka wannan sassauci ba zai shafe su ba, kuma akanta ne ya kamata ya gaya musu tun kafin su ji a bakin wani. Akantan da ya ci gaba da aiki da tsohon jadawali zai zaftare wa malamin nan aƙalla 18,000 a shekara, alhali bai yi niyyar cutar kowa ba. Haƙƙin mutum ne, kuma a wuyanmu yake.

To ina mai ƙaramin ofishi zai samo ilimin? Na san ofisoshinmu: tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, yaro ɗaya mai ɗauko fayil, da janareton da ba a tayarwa sai aiki ya matsa. Taron bita na kwana biyu a Abuja, in ka haɗa kuɗin rajista da na mota da masauki, yana iya cinye abin da ofishin ya samu a wata. Manyan kamfanonin Legas suna da sashe guda da ba ya komai sai bin diddigin doka. Mu ba mu da shi, amma muna da abin da muka gada, wato karatun zaure da adashi.

A zaure ba a karatu da ji-ta-ji-ta. Ana buɗe littafi, ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara, a tsaya a yi tambaya. Haka nake so mu yi da Dokar Haraji ta 2025. Ana samun ta kyauta a intanet. Mutum biyar ko shida daga Kankiya da Kusada da Ingawa su haɗa kuɗi a buga kwafi ɗaya, a ɗaure shi da kyau, a sa rana ɗaya a wata. Wanda ke riƙe da littafin albashin makarantu ya ja sashen albashi, mai hulɗa da 'yan kwangila ya ja sashen harajin da ake cirewa tun kafin a biya mutum. Kowa ya zo da matsala ta gaske daga teburinsa, ba tare da ambaton sunan mai ita ba, domin sirrin abokin hulɗa amana ne. Sharhin da kamfanoni irin su PwC da KPMG ke fitarwa kyauta yana da amfani, sai dai sharhi ne, a karanta shi bayan an karanta matani. Saƙon WhatsApp kuwa, in bai faɗi lambar sashe ba, kada ya hau teburinka.

Sai adashi. Ƙungiyoyinmu, ICAN da ANAN da CITN, duk sun wajabta wa 'ya'yansu bitar ƙara ilimi, kuma yanzu ana yin da yawa ta intanet, abin da ya sauke mana kuɗin mota da masauki. Wannan kowa ya yi tasa, domin wani ba ya sauke wa wani. Amma babban taron da sai an yi tattaki, a zuba kuɗi a tura mutum ɗaya, da sharaɗin in ya dawo zai zauna ya karantar da saura, ya raba takardun da ya samo. Baɗi kwasa ta faɗo kan wani.

Kada kuma mu riƙa ganin ofishin Hukumar Tara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Katsina kamar wurin da ba a zuwa sai an aiko da takarda. Harajin albashi da na ɗaiɗaikun 'yan kasuwa can yake zuwa. A je da tambaya a rubuce, a nemi amsa a rubuce, a ajiye a fayil ɗin zauren.

Alhazai 'yan kasuwa, ku ma ina da roƙo gare ku. Ku daina kawo mana rasit a leda ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, kuma ku biya akanta haƙƙinsa a kan lokaci, domin a ciki yake sayen data da takarda. Mai ma'aikata yana miƙa bayanin albashinsu na shekara kafin ƙarshen Janairu, mai zaman kansa kuma kafin ƙarshen Maris.

Abokan sana'a, kafin mu watse ina roƙon mu rubuta sunayenmu a takarda ɗaya, mu tsayar da ranar zaman farko da wanda zai buga mana dokar. Allah ya sa albarka a sana'armu, ya mai da kowa gida lafiya.