Jawabi wurin taron ƙungiya: Gona da takarda

Iyayenmu dattawa da ƴan'uwa ƴan ci-rani.

Duk mun sani, mutum yakan bar gonarsa aro ko jingina, ya tafi biɗa. In ya komo, shaidu sun rasu, sai rigima ta tashi. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, wato Cofo, masu rubuta takardar aro, jingina da saye. Amma dokar da Faransanci take. Shi ya sa ƙungiyar ANDDH, wadda aka kafa a 1991, ta horar da mutanen gari domin su bayyana doka da harshen gida, kyauta.

Mu nemi irinsu, mu tambaya. Kada kowa ya tashi bana sai da takarda a hannu.

Allah shi ba mu zaman lafiya.